Tuƙin A-kori-kura: Darasi Ga Direbobi Da Masu Koyo

Duk wanda ya je kasuwar Maigatari, ko ta Illela, ko ta Mubi, ran da take ci, zai tarar da ƙananan motocin nan na ɗaukar kaya da ake kira a-kori-kura jere a bakin tasha, waɗansu ana sauke musu kaya, waɗansu ana labta musu. A-kori-kura ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso hatsi daga gona, ita ke kai taki da siminti ƙauye, ita ke ɗaukar kayan ɗakin amarya, in kuwa naƙuda ta tsananta wa mace da tsakar dare, ita ce motar asibiti. Tsofaffin direbobi ba su manta da Peugeot 404 mai giya a jikin sitiyari ba, da ƙanwarta 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar motoci ta can cikin 1975. Yanzu kuwa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan cikin 1968, da sauran ire-irenta, su suka cika hanya.

An shirya wannan darasi domin direbobin waɗannan motoci, da yaran mota masu fatan su zama direbobi wata rana, da kuma masu motocin kansu. Maganarmu a kan mota mai giyar hannu take, watau wadda direba ke taka kuloci ya sauya giya da kansa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa abokin aikinsa wanda bai iya ba, gama abin da ke ciki ya shafi rai da dukiya.

Kuloci da giya

Direbobi da yawa sun shekara goma suna taka kuloci ba su taɓa ganin cikinsa ba, shi ya sa suke cutarsa ba su sani ba. To, ga yadda yake. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, wanda ke juyawa muddin inji na aiki. A jikinsa aka jingina wani faifai na biyu, wanda aka manna wa wani abu mai kaushi irin na birki, shi ne faifan kuloci, shi kuwa haɗe yake da akwatin giya. In ƙafarka ba ta bisa kuloci, akwai ƙarfe mai tsananin matsi da ke danne faifan nan biyu su zama kamar abu guda, ƙarfin inji ya wuce zuwa tayoyi. In ka taka har ƙasa, sai su rabu sarai, inji ya yi ta juyawa shi kaɗai. Ko wanne daga cikin biyun nan ba ya cin faifai. Abin da ke cinsa shi ne tsakaninsu, lokacin da suka taɓa juna amma ba su kama ba, ɗaya na gurzar ɗaya kamar dutsen niƙa da ɗansa.

Wannan gurza tilas ce sa'ad da za ka tashi daga tsaye, amma ta 'yan daƙiƙu ce kawai. Ka taka kuloci har ƙasa, ka sa lamba ɗaya, ka ɗaga ƙafa sannu a hankali har ka ji ƙarar inji ta sauya, gaban mota ya ɗan motsa. Nan ne ya fara kamawa. Ka tsai da ƙafarka a nan kaɗan, ka ƙara totur kaɗan, mota ta gusa, sa'an nan ka saki kulocin duka, ka ɗauke ƙafarka ka ajiye ta a ƙasa. Wanda ya saki da sauri, mota ta yi tsalle ta mutu. Wanda ya cika totur yana riƙe da rabin kuloci, zai ji wani wari kamar na ƙonannen gashi, wannan kuwa warin kuɗin maigidansa ne ke ƙonewa.

Akwai halaye uku da ke kashe kuloci tun kwanansa bai ƙare ba. Na farko ɗora ƙafa bisansa ana cikin tafiya, wai don ta huta. Nauyin ƙafar nan, komai ƙanƙantarsa, yana sa boris ɗin kuloci ya yi ta juyawa ba hutu, yana kuma sassauta matsin faifai. Na biyu tsai da mota a hawa da rabin kuloci da totur maimakon birki, kamar yadda ake gani kullum a cunkoson birni. Na uku tashi da lamba biyu da kaya a baya, don ƙyuyar sauyi ɗaya. Gyaran kuloci ba ƙaramin aiki ba ne, sai bakanike ya sauke akwatin giya ɗungum kafin ya kai gare shi, mota ta wuni ko ta kwana a gareji, ranar kasuwa ta wuce.

Ita giya kuwa, ciniki ce tsakanin ƙarfi da gudu. A yawancin waɗannan motoci, in kana lamba ɗaya inji kan juya wajen sau huɗu kafin farfela ta juya sau ɗaya, saboda haka ga ƙarfi kamar na bijimin huɗa, amma ba sauri. A lamba huɗu juyinsu ɗaya ne. A lamba biyar farfela ta fi inji saurin juyawa, ga gudu ga sauƙin shan mai, amma ƙarfin ja kaɗan ne. Direban kirki da kunnensa yake sauya giya. In inji ya ɗaga murya yana kuka, yana neman giya ta gaba. In kuwa ka taka totur ka ji mota na karkarwa tana ƙwanƙwasa ba ta ƙara sauri, ka yi mata nauyi, sai ka komo baya lamba guda. Wannan na biyun ya fi ɓarna, ko da yake ya fi shiru, kuma shi ne laifin masu son tsimin mai. Injin gas yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, don haka ba ya bukatar a yi masa kururuwa irin ta injin fetur.

Kada ka yi kokawa da sandar giya. Ka kai ta tsakiya, ka ɗan dakata kamar ƙiftawar ido, ka tura ta da tafin hannu, za ta shiga da kanta. In ta gama shiga ka mai da hannunka kan sitiyari, ba wurin ajiye hannu ba ce. Ribas kuwa ba a sa shi sai mota ta tsaya cik. In ya ƙi shiga, ko ya yi ƙara, ka mai da sanda tsakiya, ka saki kuloci, ka sake takawa, ka jira kaɗan, ka gwada kuma.

Tun da muna zancen giya, bari mu faɗi wannan mu wuce: giya biyu ba su zama a mota ɗaya, ta inji da ta kwalba. Haka kuma ƙwayoyin da waɗansu ke haɗiya wai don su kori barci. Ƙwaya tana buɗe ido, amma ba ta farkar da hankali, maganin barci kuwa sai barci.

Kafin a tashi

Kowace safiya, tun inji na da sanyi, ka zare ma'aunin baƙin mai ka duba, ka leƙa ruwan lagireto da man birki, ka zaga mota ka dubi tayoyi da notunansu, ka sunkuya ka ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare. Ka gwada fitilu da sigina da ham. Ka taka birki tun ba ka motsa ba, in ka ji shi laushi kamar ka taka soso, ko ya tafi har ƙasa, motar nan ba ta fita sai bakanike ya gan ta. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, gama ruwan da ke ciki a matse yake, zai yi tsiri ya sale maka fuska.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta tsufanta, saboda haka tayar gwanjo mai kyawun zane tana iya zama tsohuwa tukuf. Iskar taya da ma'auni ake sanin ta, da safe kafin a yi tafiya, ba da bugun ƙafa ba. Tayar da iskarta ta gaza, in aka ɗora mata kaya aka yi gudu da ita a kan kwalta cikin zafin bazara, lanƙwasa take ta yi tana ɗaukar zafi har ta fashe.

In za ka ta da inji, ka tabbata giya na tsakiya, ka kuma taka kuloci. A motar gas ka murɗa mabuɗi rabi, ka jira 'yar fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu tukuna, musamman da sanyin hunturu. Ka ɗaura bel. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta ɗaura shi tun 2003, amma ba don jami'in hanya za ka ɗaura ba, don gilashin da ke gaban goshinka ne.

Lodi

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin a-kori-kura an yi su ne su ɗauki abin da ya kai kimanin tan ɗaya, watau kilo 1,000, waɗansu ma ba su kai haka ba, musamman masu ƙofa huɗu. Ainihin adadin yana rubuce a littafin mota, ko a ɗan allon ƙarfe da ke jikinta. To, mu yi lissafi. Buhun masara mai kilo 100, guda goma sun cika tan. Siminti mai kilo 50, buhu ashirin. Durom na ruwa mai lita 200 ya haura kilo 200 in an haɗa da nauyin durom ɗin, biyar sun isa. Abin da ake mantawa kuwa shi ne, direba da yaronsa da fasinjoji duk cikin lissafin suke. Mutum takwas, ko da kowanne kilo 60 ne, sun tashi kilo 480, kusan buhu biyar ke nan. Wanda ya ɗora buhu goma sha biyar, ya zaunar da mutum goma bisansu, ya ɗora wa motarsa ninkin abin da aka yi ta dominsa, birkinta kuwa bai ƙaru ba ko kaɗan.

Inda aka ajiye kaya ma abin lura ne ainun. Mai nauyi shi ke zuwa ƙasa, can gaba jikin kan mota, mara nauyi a bisa. In nauyi ya taru bayan tayoyin baya, gaban mota sai ya ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitilu kuma su haska sama su makantar da mai zuwa. In kaya suka yi tsawo, mota sai ta riƙa rangaji a kwana kamar raƙumi, abu kaɗan ya kifar da ita. Dabbobi da ruwa sun fi hatsi wuyar ɗauka, domin suna motsi. Durom da aka cika rabi ya fi cikakke haɗari, gama ruwan zai bugi gefe ɗaya daidai lokacin da ka sha kwana. A ɗaure kome da igiya mai ƙarfi, bayan tafiyar 'yan kilomitoci a tsaya a ƙara ɗaurewa, don kaya kan zauna igiya ta saki.

Game da ɗaukar mutane a baya, mun san halin da ƙauyuka ke ciki, wani wurin mota ɗaya ce ke zuwa a mako. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: bayan a-kori-kura ba shi da kujera, ba bel, ba rufi, wanda ke zaune bisa buhuna ko a bakin bodi, rami ɗaya ya isa ya jefar da shi. In larura ta sa ka ɗauki mutane, su zauna ƙasa cikin bodi, yara a tsakiya, kada kowa ya zauna bisa kaya ko ya saki ƙafafunsa waje, kai kuma ka yi tafiya irin ta mai ɗauke da ƙwai.

Motar da ba kome a bayanta ita ma da nata hali. Ƙarfin inji ta tayoyin baya yake fita, ga shi kuwa babu nauyin da ya danne su. Saboda haka a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko tsakuwa, in ka taka totur da ƙarfi cikin kwana, bayan mota sai ya zame ya nemi ya riga gaba. In haka ta faru, ka sassauta totur, kada ka taka birki, ka juya sitiyari wajen da bayan ya zame, ka dubi inda kake so ka nufa.

Gudu da tazara

Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya, mai gudun 100 kuwa kusan mita 28. Daga lokacin da idonka ya ga yaro ya faɗo hanya zuwa lokacin da ƙafarka ta kai birki, daƙiƙa guda ta wuce, ko fiye in ka gaji. Bayan wannan kuma ga tafiyar da mota za ta yi birki na kame. In ka ninka gudu sau biyu, wannan tafiya ninkuwa take sau huɗu. Wannan ba ra'ayin kowa ba ne, haka Allah ya yi abu mai nauyi in yana gudu. Cikin gari doka ta tsai da gudu a kilomita 50, a bakin kasuwa da makaranta kuwa wannan ma ya yi yawa.

Don ka san tazararka da motar gaba, ka lura da lokacin da ta wuce wata bishiya ko turken wuta, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, a natse. In ka iso wurin kafin ka gama, ka matse ta da yawa. In da kaya, ko ana ruwa, ka ƙirga shida.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, daidai da maƙwabtanta Nijar da Kamaru da Chadi, don haka ta hagu ake wuce mota. Kafin ka fita wuce wata, ka sauko lamba guda don mota ta sami ƙarfi, gama lamba biyar da kaya a baya ba ta da kuzarin da za ta fisshe ka in wata ta ɓullo. Ba a wucewa a kwana, ko gab da ƙwanƙolin tudu, ko bisa gada, ko inda ƙura ta rufe gaba. In taya ta fashe kana gudu, ka riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ka ɗaga ƙafa daga totur sannu, ka bar mota ta rage da kanta, sai ta yi sanyi sa'an nan ka taɓa birki a hankali ka gangara gefe.

Hawa da gangara

Wanda ya bi hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, wanda kuma ya taɓa hawa tudun Mambila daga Mayo Selbe zuwa Gembu ba sai an ba shi labarin kwana da rami ba. A irin wuraren nan ake gane direba da mai riƙe sitiyari.

Wajen hawa, ka sauya giya tun kana gindin tudu, mota na da saurinta. Wanda ya jira har ta fara shaƙewa a tsakiya, kafin ya taka kuloci ya sauya ta tsaya, ta fara komawa baya. In ta mutu maka a hawa, ka danne birki, ka ja birkin hannu, yaro ya sa weji ta gefe. Kada ya tsaya a bayan mota, kada kuma ya riƙe wejin da yatsunsa ƙarƙashin taya. Sa'an nan ka ta da inji, ka sa lamba ɗaya, ka ba da totur fiye da na fili, ka ɗaga kuloci har ka ji mota ta yunƙura tana jan birkin hannu, ka sauke shi sannu. In ka yi daidai ba za ta koma baya ko taki ɗaya ba. Mai koyo ya nemi ɗan tudun da ba kowa ya yi ta maimaitawa, da mota wofi tukuna, sa'an nan da kaya.

Gangara ta fi hawa kisa. Ƙa'idarta tsohuwa ce, ba ta kuwa sake ba: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Ka sa ta tun kana bisa, kafin gaban mota ya sunkuya. In mota na cikin ƙaramar giya, ƙafarka ba ta kan totur, inji da kansa ke riƙe ta, birki sai taimako kawai, ka taka da ɗan ƙarfi gudu ya ragu, ka saki ya sha iska, ka sake takawa.

Dalilin wannan shi ne, birki gudu yake mayarwa zafi. In ka ɗora ƙafa bisansa tun daga ƙwanƙoli har ƙasa da tan guda a baya, ƙarfen sai ya yi zafin da fatar birki ba ta kamawa, man birki kuma ya tafasa. Man da aka rubuta wa DOT 3, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai awo 205 a ma'aunin Selsiyus, amma yana tsotsar laima daga iska, in ya tsufa yana iya tafasa a wajen awo 140. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, ka taka birki ya tafi ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa ake sauya man birki kamar kowace shekara biyu, ko da bai ragu ba.

Akwai wata mummunar al'ada ta sa mota firi a gangara, wai tsimin mai. Waɗansu har kashe inji suke. Ka sani, motocin zamani masu injin gas, da na fetur marasa kafireto, in suna cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, yanke mai suke yi gaba ɗaya, a firi kuwa sai sun sha kaɗan don kada inji ya mutu. Ashe mai sa firi bai tsimi kome ba, ya dai jefar da riƙon inji ne a banza. Mai kashe inji kuwa ya fi shi wauta, domin abin da ke sauƙaƙa taka birki da juya sitiyari daga inji yake samun ƙarfi, bayan taki ɗaya ko biyu birki ya zama kamar dutse, in kuma ya murɗa mabuɗi har ƙarshe sitiyari na iya kullewa.

In Allah ya kawo ƙaddara birki ya ƙi a gangara, ka yi ta taka shi da sauri a jere, wani lokaci yakan dawo. Ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan ba da totur tsakanin sauyi don ta yarda ta shiga. Ka ja birkin hannu sannu sannu, yatsanka na danne da maɓallinsa, gama in ka fizge shi tayoyin baya za su kulle mota ta juya. Ka yi ta ham. In duk bai isa ba, gara ka goga gefen mota jikin tudu ko cikin ciyayi tun gudu bai yi yawa ba, da ka jira kwanar da ke ƙasa.

Rairayi, taɓo da ruwa

A arewacin Yobe, wajen Yusufari da Machina, rairayi ne abokin gaba. Maganinsa a rage iskar taya don tafinta ya faɗaɗa, a shiga da lamba biyu, a riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, kada a sauya giya a tsakiya, domin da ka taka kuloci rairayi ya kama mota. In ta tsaya, kada ka yi ta ba ta wuta, rami kawai kake haƙa wa kanka. Ka sauka, ka tone gaban tayoyi, ka shimfiɗa rassa ko tabarma, ka gwada komawa ta sawunka. Da ka hau kwalta ka mai da iskar da ka rage. A baƙar ƙasar nan ta wajen Dikwa, da fadamu da damina, taɓo ne, shi ma tafiyar sannu ba tsayawa yake so. A hanyar burji mai gargada kuwa tayoyi tsalle suke, rabin lokaci ba su taɓa ƙasa, don haka birki da sitiyari ba su da cikakken iko, sai a rage gudu tun kafin kwana.

Mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙaramar sanda ko maɓalli mai 2H da 4H da 4L. Na farko na kwalta ne, na biyu na rairayi da santsi, na uku na wuri mai tsananin wuya, ba a kuwa sa shi sai an tsaya an taka kuloci. A yawancin a-kori-kura, in ka bar ta a ƙafa huɗu bisa busasshiyar kwalta, tayoyin gaba da na baya za su yi ta jayayya a kowace kwana har wani ƙarfe ya karye.

Ruwa mai gudu bisa hanya ko kwalbati, kada ka raina shi. Wanda ya kai gwiwa yana iya ɗauke a-kori-kura, ba ka kuma san ko ya cinye hanyar daga ƙasa ba. In inji ya shaƙi ruwa ta wurin shan iskarsa, ƙarafan cikinsa lanƙwashewa suke nan take, in kuwa ya mutu cikin ruwa kada ka sake ta da shi. Ruwan kwari bayan an ɗauke sama yakan janye cikin 'yan sa'o'i, jira ya fi. In marar zurfi ne ka ƙetare da lamba ɗaya, ka riƙa taɓa birki kaɗan kaɗan bayan ka fita har ya bushe.

Da hazo ko ƙura, ƙaramar fitila ake kunnawa, babba dawo maka da haske take cikin ido. Da dare in ka hangi fitila ɗaya tana zuwa, ka ɗauka babbar mota ce mai ido ɗaya har sai ka tabbata babur ne. In garken shanu na ƙetare hanya, ka tsaya su wuce, ham mai ƙarfi watsa su yake yi.

Ga masu mota

Ba direba kaɗai ke tuƙa mota ba, har da wanda ya yanka masa balas. Maigidan da ya ɗora wa direbansa kuɗin da ba su samuwa sai da lodi biyu a sawu ɗaya, ko sawu uku a ranar da ta isa biyu, shi ya taka totur, ko da yana kwance a gida. Haka wanda aka ce masa birki ya yi laushi ya ce a lallaba zuwa bayan kasuwa. Kada ka ba yaron da bai kai shekara 18 ba mota, doka ba ta ba shi lasin, kada kuma ka ba babban da ba shi da shi. In direbanka ya kawo maka ƙarar wata matsala, ka gode masa, gama wanda ake yi wa faɗa in ya faɗi laifin mota, gobe ɓoyewa zai yi.

Ajiye mota

In ka iso masauki bayan doguwar tafiya ko hawa mai tsanani, motar gas mai tabo, watau na'urar nan da ke cusa wa inji iska, tana bukatar ka bar ta tana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don mai ya sanyaya na'urar. Sa'an nan ka ja birkin hannu, ka bar ta cikin giya: lamba ɗaya in tana fuskantar hawa, ribas in tana fuskantar gangara, ka karkata tayoyin gaba yadda in ta gusa za ta tafi gefe, ba tsakiyar hanya ba. In da kaya a kai, a ƙara da weji.

In ta lalace maka a hanya, ka tura ta gefe iyakar iyawa, ka kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da ita ta baya, yadda mai zuwa zai gani da wuri. In ka sa ganye ko duwatsu, ka kwashe su kafin ka tafi, kada su zama tarkon mai babur da dare. In batir ne ya yi sanyi za a tura, ka murɗa mabuɗi, ka sa lamba biyu, ka danne kuloci har ta ɗauki sauri, ka saki da hanzari, da ta kama ka sake dannewa. Ka tuna birki na da tauri muddin inji bai tashi ba, saboda haka kada a tura ta wajen da mutane suke, kada kuma masu turi su shiga tsakaninta da wata mota.